Tarihin Taron Masana Girabiti na Gabar Tekun Fasifik da Dalilin Ɗorewarsa

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin fiziks a nan Jos, kuma bincikena ya shafi baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da tsananin ƙarfin jansa ya hana ko haske kuɓuta daga gare shi. A karance-karancena ina yawan cin karo da sunan wani taro na shekara-shekara da ake yi a yammacin Amurka, mai suna Pacific Coast Gravity Meeting, wanda aka ce na yanki ne kawai. Yaya ya samo asali, me ya sa masana suka ga buƙatarsa alhali ga manyan tarurrukan duniya, kuma ko irinsa zai yiwu a wajenmu?

Amsa: Malama, taron da kike tambaya a kansa an fara shi ne a shekarar 1985, a cibiyar fasaha ta Kalifoniya da aka fi sani da Caltech, a garin Pasadena. Wanda aka fi jingina kafuwarsa gare shi shi ne James Isenberg, masanin lissafi na Jami'ar Oregon, wanda ya yi digirinsa na dakta a hannun Charles Misner, kuma ya yi suna a kan sharuɗɗan da dole ne yanayin farko ya cika kafin a warware lissafin Einstein. Caltech kuwa a lokacin can ne Kip Thorne yake da ɗimbin ɗalibansa, saboda haka babu mamaki da aka fara daga can. Tun daga wannan shekara ake yin taron sau ɗaya a shekara, galibi wajajen watan Maris, na kwana biyu, yana zagayawa tsakanin jami'o'in yammacin Amurka, irin su Caltech da Santa Barbara da Oregon da Utah da San Diego da Davis. Na 34 an yi shi a Caltech a 2018, na 35 kuma a Jami'ar Jihar Utah a 2019. Sai dai ba za a fahimci dalilin kafa shi ba sai an koma baya da shekara 30, domin ya zo ne ya cike wani giɓi da nasarar manyan tarurrukan ta haifar.

Einstein ya kammala nazariyyarsa ta dangantaka ta bai-ɗaya a watan Nuwamban 1915, inda ya bayyana girabiti, wato ƙarfin da ke jawo abu ƙasa kuma yake riƙe da duniya a kewayen rana, a matsayin lanƙwasar sarari da lokaci. Ranar 29 ga Mayun 1919 Arthur Eddington ya auna karkatar hasken taurari lokacin husufin rana a tsibirin Principe, wanda ke cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, aka kuma yi ta yayata sakamakon a duniya. Bayan wannan sai fannin ya yi barci na kusan shekara 30. Babu na'urorin da za su gwada sauran hasashen nazariyyar, lissafinta na da wuya, ga shi kuma kimiyyar kwantam da ta nukiliya sun kwashe haziƙan matasa da kuɗin bincike. 'Yan tsirarun da suka riƙe fannin a warwatse suke: Peter Bergmann a Syracuse, Leopold Infeld a Warsaw, André Lichnerowicz a Paris, Pascual Jordan a Hamburg, Vladimir Fock a Leningrad, sai John Wheeler da ya shigo fannin a Princeton a farkon shekarun 1950. Har tambaya mai tushe kamar ko igiyoyin girabiti, wato girgizar sarari da lokaci mai tafiya kamar igiyar ruwa, abu ne na gaske ko kuwa ruɗin lissafi ne ba ta samu amsa ba. Einstein da kansa, tare da Nathan Rosen, ya rubuta maƙala a 1936 yana cewa babu su, kafin ya canza matsayi gabanin a buga ta.

Taro ne ya farkar da fannin. A watan Yulin 1955 aka taru a Bern ta ƙasar Siwizalan, ƙarƙashin jagorancin Wolfgang Pauli, don cikar shekara 50 da nazariyyar dangantaka ta farko, watanni uku kacal bayan rasuwar Einstein. A nan ne mutanen da suka san juna a takarda kawai suka ga juna ido da ido. Amma wanda ya fi tasiri shi ne na Chapel Hill a Jihar Karolina ta Arewa, a watan Janairun 1957, wanda Cécile DeWitt-Morette da mijinta Bryce DeWitt suka shirya, da tallafin wani attajiri mai masana'anta, Agnew Bahnson, da kuma rundunar sojan saman Amurka. Mahalarta kimanin 40 ne. Felix Pirani ya nuna yadda za a gane lanƙwasar sarari ta hanyar lura da yadda tazarar da ke tsakanin ƙananan abubuwa biyu masu faɗuwa take canzawa. Richard Feynman ya ɗauki wannan ya gina hujjarsa mai sauƙi: a zura zobba biyu a jikin sanda, idan igiyar girabiti ta ratsa za su yi ta gogar sandar suna kai da komo, gugar za ta haifar da zafi, zafi kuwa makamashi ne, saboda haka igiyar tana ɗauke da makamashi kuma ta gaske ce. Hermann Bondi ya buga hujja irin wannan a shekarar. Joseph Weber yana cikin ɗakin, kuma daga baya shi ne ya fara ƙera na'urar neman waɗannan igiyoyi. Abin lura a nan shi ne girman taron: mutanen ba su da yawa, har kowa na iya katse kowa ya yi tambaya, kuma matasa irin su Misner, wanda a lokacin bai daɗe a fannin ba, sun yi magana a gaban manya.

Daga nan jerin manyan tarurrukan duniya ya kankama: Royaumont a Faransa a 1959, Jablonna kusa da Warsaw a 1962, Landan a 1965, Tbilisi a 1968, Kopenhagen a 1971, inda aka kafa ƙungiyar duniya ta masana fannin. Galibi duk bayan shekara uku ake yin su, har yau.

Akwai wani taron da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya fara da sunan yanki. A farkon 1963 Maarten Schmidt na Caltech ya gano cewa wani abu mai kama da tauraro, 3C 273, yana da nisan fiye da shekarun haske biliyan biyu, wanda ke nufin haskensa ya ninka na tarin taurari sukutum. Fred Hoyle da William Fowler sun riga sun kawo shawarar cewa irin wannan makamashi zai iya fitowa daga ruftawar wani abu mai tsananin nauyi. Masana uku da ke Teksas a lokacin, Ivor Robinson da Alfred Schild da Engelbert Schücking, suka ga dama ta samu ta haɗa masana taurari da masana lissafin Einstein, waɗanda kafin nan ba ruwan kowa da kowa, a ɗaki guda. An yi taron a Dalas ta Jihar Teksas daga 16 zuwa 18 ga Disamban 1963, makonni kaɗan bayan kisan Shugaba Kennedy a wannan gari, kuma kimanin mutum 300 suka halarta, har da Robert Oppenheimer. A wurin ne wani matashi ɗan Niyuzilan, Roy Kerr, ya gabatar da warwarar lissafin Einstein ta abu mai nauyi da ke juyawa, wadda ita ce a yau kowane mai nazarin baƙin rami, har da ke, yake aiki da ita. Kip Thorne ya ba da labarin cewa yawancin masana taurari ba su saurare shi ba, wasu sun fita, wasu suna hira, har sai da Achilles Papapetrou ya miƙe ya yi musu faɗa, ya ce shekara 30 ake neman abin da yaron nan ya samo. Tun a wannan rana ake iya hango ciwon babban taro: idan mutane suka yi yawa, jawabin da ba a san mai shi ba yakan zama lokacin shan iska.

Taron Teksas ya yi nasarar da ta raba shi da Teksas. Na biyu an yi shi a Austin a 1964, na uku a New York, daga baya ya tsallaka teku yana riƙe da sunansa. A zamansa na Munich a Jamus, a Disamban 1978, Joseph Taylor ya sanar cewa zagayen tagwayen taurarin da shi da Russell Hulse suka gano a 1974 yana raguwa daidai gwargwadon yadda lissafin Einstein ya ce zai ragu idan suna fitar da igiyoyin girabiti, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1993. A Disamban 2017 an yi zamansa na 29 a Cape Town. Taro ne mai daraja ƙwarai, amma ya daina zama wurin da ɗalibi zai shiga mota ya je ya gwada bakinsa.

Kafin 1985 an yi wasu ƙananan zama na yanki. A gabashin Amurka akwai haɗuwar da James Anderson ya riƙa shiryawa a cibiyar Stevens da ke Hoboken, inda mutanen Princeton da Syracuse da New York kan zo su yini suna muhawara. A watan Yunin 1969 kuma aka yi taron masana fannin na tsakiyar Amurka a Cincinnati, inda Weber ya ce manyan sandunan alminiyom ɗinsa, ɗaya a Maryland ɗaya kusa da Chicago, suna girgiza a lokaci guda, ya kuma fassara hakan da cewa ya kama igiyoyin girabiti. An tafa masa sosai. Cikin shekarun da suka biyo baya wasu suka ƙera irin na'urarsa a Glasgow da Munich da wasu wurare ba su ga komai ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 masana suka yi watsi da da'awar. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka cewa abin da aka faɗa a taro ya zama tabbatacce. Amma ko kuskuren nan bai tafi a banza ba, domin wasu daga cikin waɗanda suka tashi binciken da'awarsa, irin su Ronald Drever na Glasgow, su ne suka koma ƙera na'urori masu aiki da hasken leza.

To, a dubi yammacin Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Drever ya koma Caltech ya gina na'urar gwaji mai tsawon mita 40, kuma a 1984 Caltech da cibiyar fasaha ta Massachusetts, wato MIT, suka haɗa hannu a aikin da ya zama LIGO, manyan na'urorin neman igiyoyin girabiti da hasken leza. A Santa Barbara akwai James Hartle, wanda shi da Stephen Hawking suka fitar da shawararsu kan yanayin farkon sararin samaniya a 1983, ga kuma cibiyar nazarin fiziks da aka buɗe can a 1979. A Stanford Francis Everitt yana jagorantar aikin tauraron ɗan'adam na Gravity Probe B, wanda ba a harba ba sai 2004. A Utah akwai Karel Kuchař da Richard Price. Ba da daɗewa ba tawagar Eric Adelberger a Seattle ta fara auna girabiti a ɗakin gwaji da ma'auni mai tsananin laushi. Kowace tawaga tana da ɗalibai, amma tsakanin Seattle da San Diego kusan kilomita 2,000 ne a mota, kuma ɗalibin da ke lissafi a Oregon zai iya gama digirinsa bai taɓa jin muryar takwaransa mai harhaɗa madubai a Pasadena ba. Babban taron duniya na zuwa sau ɗaya a shekara uku, sau da yawa a wata nahiya, kujerun manyan jawabai kuma na waɗanda suka riga suka yi suna ne. Ɗalibin dakta kan yi shekara biyar ko shida, ke nan damarsa ba ta wuce ɗaya ko biyu ba, in ma an samu kuɗin jirgi.

Tsarin da taron Fasifik ya ɗauka martani ne ga wannan hali, kuma a ganina tsarin ne tarihinsa na gaske, fiye da jerin garuruwan da ya zagaya. Ba a karɓar kuɗin rajista. Ba a gayyato babban mai jawabi, kowa shi ke miƙa sunansa. Lokacin magana ɗaya ne ga farfesa da ɗalibi, galibi bai wuce minti 15 ba. Zama ɗaya ake yi a ɗaki ɗaya, ba a rarraba mutane zuwa ƙananan zaure, kuma ba a buga kundin maƙalu bayan an tashi. Sanarwar taron kan faɗa a fili cewa ana ƙarfafa wa ɗalibai da masu sabon digirin dakta gwiwa su yi magana, kuma ana maraba da kowane reshe na fannin, na lissafi da na gwaji, na da da na kwantam.

Kowace daga cikin waɗannan ƙa'idoji tana da aikin da take yi. Rashin kuɗin rajista da gajartar kwanaki sun sa malami na iya cika mota da ɗalibansa ba tare da neman tallafi na musamman ba. Sauƙin ɗawainiya ya sa ƙaramin sashe mai malamai biyu ko uku a fannin na iya karɓar baƙuncin, tunda abin da ake buƙata ɗakin lacca ne da shayi da jadawali. Zagayawar ta yi kama da adashi: kowa ya san nauyin zai zo kansa wata shekara, kuma ya san ba zai fi ƙarfinsa ba, don haka babu mai gudu. Rashin kundi ya ba mutum 'yancin kawo aikin da bai nuna ba, ya ce ga inda na maƙale, alhali da za a buga abin da ya faɗa da ba zai yi wannan kasada ba. Zama a ɗaki ɗaya kuwa shi ne ya fi kowanne muhimmanci a wajena, domin yana tilasta wa mai tabbatar da ƙa'idojin lissafi ya saurari mai fama da girgizar ƙasa a ƙarƙashin madubinsa, shi ma wancan ya saurari wannan. Daidaita lokaci ya koya wa manya taƙaitawa, ya kuma nuna wa ƙanana cewa abin da za a auna shi ne aikin da suka kawo.

Amfanin wannan cakuɗa ya bayyana a hankali. An zaɓi Hanford da Livingston, wurare biyu a Amurka, a 1992 don gina na'urorin LIGO masu hannaye biyu, kowane hannu kilomita 4, amma na'urar ba za ta yi amfani sosai ba sai an san siffar igiyar da ake nema, wannan kuma aikin masu lissafi ne da masu kwamfuta. Shekaru da dama kwamfuta ta kasa bin baƙaƙen ramuka biyu har su haɗe, sai a 2005 Frans Pretorius, haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki a Caltech, ya warware matsalar, wasu tawagogi biyu a Brownsville da cibiyar Goddard ta NASA suka biyo baya da wata dabarar daban. Ranar 14 ga Satumban 2015 LIGO ta kama igiyar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka rana nauyi kusan sau 36 ɗayan kusan sau 29, daga nisan shekarun haske biliyan 1.3, aka sanar ranar 11 ga Fabrairun 2016, kyautar Nobel ta 2017 kuma ta tafi ga Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne. Ba zan ce taron yanki ne ya gano igiyoyin ba, wannan zai zama wuce gona da iri, domin aiki ne na mutum fiye da dubu daga ƙasashe da yawa da kuɗin gwamnati mai yawa. Abin da zan ce shi ne, aikin ya buƙaci mutanen da ke jin yaren juna tsakanin lissafi da kwamfuta da na'ura, kuma ƙananan tarurruka irin wannan suna cikin wuraren da aka yi renon irinsu.

Shaidar cewa tsarin ya karɓu ita ce yadda aka kwaikwaye shi. A 1991 aka fara na tsakiyar Amurka, wanda ya kan tsallaka har Kanada, daga baya na gabashi ya biyo a cikin shekarun 1990, sannan na yankin gaɓar Tekun Meksiko. A Birtaniya an fara BritGrav a Southampton a 2001, shi ma kwana biyu, shi ma fifikonsa ga matasa. Ƙungiyar masana fiziks ta Amurka ta kafa rukunin girabiti a 1995, bisa ƙoƙarin Beverly Berger, rukunin ya zama cikakken sashe a 2016, kuma yana ba da kyauta ga ɗalibin da ya fi iya gabatar da aikinsa a waɗannan tarurruka. A shekarun baya-bayan nan an ƙara sunan Isenberg a sunan taron Fasifik don girmama shi. Wani zai zaci zuwan arXiv, rumbun maƙalun kimiyya na intanet, a 1991, wanda ya sa maƙala ke isa ko'ina washegarin rubuta ta, zai kashe irin wannan haɗuwa. Bai kashe ta ba, saboda ba labarin sakamako ake zuwa nema ba. Ana zuwa ne a ga wanda zai iya amsa tambaya a tsaye, kuma malamai da yawa a nan suke fara lura da ɗalibin da za su ɗauka aiki bayan ya gama.

Tsarin yana da nasa rauni. Minti 15 ba ya isar a shimfiɗa hujjar lissafi mai zurfi, don haka wanda ya iya baki kan haskaka fiye da wanda aikinsa ya fi nauyi. Rashin kundi ya sa abin da ya rage na tarihin zaman da yawa jadawalin jawabai ne kawai da gajerun rahotanni a mujallar labaran ƙungiya. Buɗe ƙofa ga kowa kuma kan jawo masu iƙirarin sun rushe Einstein ba tare da sun iya lissafinsa ba. Duk da haka ina ganin ribar ta rinjayi hasarar da nisa.

Game da ko zai yiwu a wajenmu, misalin da ya fi kusa da halinmu ba Amurka ba ne, Indiya ce. A 1969, lokacin da ba su da kuɗi ko manyan na'urori, masana irin su P. C. Vaidya da V. V. Narlikar suka kafa ƙungiyar masana girabiti ta ƙasarsu, suka riƙa haɗuwa a jami'o'i daban-daban. A 1987 suka fara taron ƙasa da ƙasa a Goa, a 1988 aka kafa cibiyar nazarin taurari ta IUCAA a Pune ƙarƙashin Jayant Narlikar don ta yi wa jami'o'i hidima, a 1997 Pune ta karɓi babban taron duniya, yau kuma gwamnatinsu ta amince da gina na'urar LIGO a jihar Maharashtra. Ƙaramar haɗuwar cikin gida ce ta riga duk sauran. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta yi nisa, da tawagar George Ellis a Cape Town tun shekarun 1970, da ƙungiyarsu ta masana girabiti, kuma Durban ta karɓi babban taron duniya na 16 a watan Yulin 2001, karo na farko a nahiyar. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Samuel Okoye, wanda ya koyar a Nsukka, yana ɗalibi a Cambridge tare da Antony Hewish a tsakiyar shekarun 1960 ya gano wata ƙaramar majiyar igiyar rediyo a cikin gajimaren Crab, wadda daga baya aka tabbatar tauraruwar nutron ce mai juyawa.

Ta fuskar tazara mun fi mutanen Fasifik sauƙi. Daga Jos, Bauci da Zariya da Kano da Keffi da Lafiya da Abuja duk tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka a mota, kuma kowannensu yana da jami'a mai sashen fiziks da na lissafi. A Abuja akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda ta yankin Kwali, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, da hedikwatar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da aka kafa a 1999, wadda ke da cibiyar kimiyyar sararin samaniya a Nsukka da cibiyar auna siffar ƙasa da motsinta a Toro, nan kusa da ku. Fannin kuma yana cikin mafi arha ga mai bincike, tunda bayanan LIGO a buɗe suke ga kowa a intanet, manhajar Einstein Toolkit ta warware lissafin Einstein a kwamfuta kyauta ce, yawancin aikin lissafi kuwa allo da kwamfutar cinya sun ishe shi.

Cikas biyu nake hange, kuma babu ɗaya da ya shafi kuɗi kai tsaye. Na farko al'adar taronmu ce. Mun saba da bikin buɗewa mai cin rabin yini, da uban taro da babban baƙo na musamman da jakar mahalarta, kuɗin rajista ya hau don a biya waɗannan, sannan a tura ɗalibai rana ta ƙarshe da yamma bayan manya sun kama hanya. Wannan kishiyar abin da ya raya taron Fasifik ne, kuma duk wanda ya ɗauki sunan ya bar ƙa'idar daidaita lokaci bai ɗauki komai ba. Na biyu shi ne ƙarin girma a jami'o'inmu yana neman takarda, don haka malami zai tambaya me zai nuna wa kwamiti idan babu kundi. Ana iya magance wannan da takardar shaidar gabatarwa da wallafa taƙaitaccen bayanin kowane jawabi a intanet, cikakken aikin kuma a kai shi mujallar da ake tantancewa, inda ya fi daraja ko da ma.

Masu aiki a kan girabiti zalla a yankinmu ba su da yawan da za su cika kwana biyu, saboda haka da ni ne zan faɗaɗa da'irar ta haɗa da masu nazarin asalin sararin samaniya da taurari, da masu lissafin siffofi masu lanƙwasa a sassan lissafi, da masu auna girabitin ƙasa, in kuma fara da yini ɗaya. Maganin masu da'awar banza shi ne a nemi kowane ɗalibi ya zo da amincewar mai duba aikinsa, a kuma bar isasshen lokacin tambayoyi bayan kowane jawabi. Ke da takwarorinki kuna iya fara tattara sunayen masu wannan bincike a jami'o'in da na ambata, amma kiran taron ya fito daga malami ko biyu da za su tsaya masa shekara da shekaru, kamar yadda Isenberg ya yi. A sa shi a lokacin da ba na jarrabawa ba, a tsara farawa da tashi yadda baƙi za su yi tafiyarsu da rana, kuma kafin a watse daga zaman farko a rubuta sunan sashen da zai karɓi na shekara mai zuwa da watan da za a yi shi, sannan a adana jadawalin jawaban a shafin sashe, ba a wayar mutum ɗaya ba.